Mai Ƙidayar Ƙofofi

Ƙarfe biyar na asuba a Erfurt,
dandalin babban coci bai farka ba tukuna.
Rumfunan katako sun yi sahu, bakinsu a ƙulle,
ƙanƙara ta kwanta bisa rufinsu kamar gishirin da ya zube.
Wiebke Strohmeier ce kaɗai a tsaye,
da tocila, da igiyar awo, da fensir a bayan kunne.

Ba ta zo sayen komai ba.
Ta zo duban kasuwa da idon wanda ba ya ƙaunarta.
Aikin ke nan: ta ari mugun ido da safe,
ta mayar da shi kafin magariba,
in ya yarda ya koma.

Taku goma sha tara daga rumfar kyandir zuwa lungun fita.
Lungun na cin mutum huɗu, kafaɗa da kafaɗa,
in suna cikin hayyacinsu.
Wanda ya firgita faɗin mutum biyu gare shi,
ta rubuta, ta ja layi a ƙasa.
Keken jariri, sandar tsohuwa, mai maye, mai jan kare,
kowa ta ba shi gurbi a lissafi.

Ottmar mai burodin zuma ya iso yana tari.
Ya harari tubalin kankare da aka girke gaban rumfarsa,
an shafe shi da jan fenti, an ɗaura masa ƙyalle kamar tsaraba.
"Shekara talatin da ɗaya ina nan," in ji shi,
"ban taɓa ciniki a bayan kabari ba."
Ta ce, "Ba ni na ajiye shi ba."
Ƙarya ta yi. Da fensirin nan ta zana masa wuri
ran wata Talata, tana cin tuffa.

A ofis akwai takarda mai gidaje.
Yiwuwar abu a tsaye, girman ɓarna a kwance,
inda suka haɗu a sa launi:
kore, rawaya, ja.
Babu gidan da aka tanada wa sunan mutum.
Shugaba ya ce ja ya yi yawa, kuɗi sun yi kaɗan,
ko za ta sake dubawa?
Ta sake dubawa. Ja bai koɗe ba.

An ce rigakafi ya fi magani,
amma wa ya taɓa yi wa rigakafi godiya?
In ta yi daidai, gobe jarida za ta yi maganar farashin man shanu.
Ladanta shi ne abin da bai faru ba,
ba shi da rana, ba shi da hoto,
ba mai ajiye masa fure.

Da dare Jette ta kafe sai an kai ta lilon dawakin katako.
Shekararta bakwai, haƙoran gaba biyu sun tafi.
Dandali ya cika maƙil, ana masaka tsinke,
ƙamshin kirfa, ƙarar ƙararrawa, tururin baki.
Uwa ta riƙe hannun 'ya, ido na can yana aiki:
jakar da ke jingine da benci, ta wa ce?
Af, ga mai ita, yana ɗaure takalmi.
Motar can da ta rage gudu?
Mai kai madara ne, ya ɓata hanya.

"Mama, me kike ƙirgawa?"
"Fitilu," ta ce.
"Nawa kika samu?"
Ƙofofi shida take da su a baki, ta haɗiye.
"Na ɓata lissafi. Fara mana daga farko."

Lilo ya juya. Jette ta wuce bisa farin doki, ta ɓace,
ta dawo, ta ɓace.
Daƙiƙa tara ce tsakanin ɓacewa da dawowa.
Wannan ma ta ƙirga.

Can gefe Ottmar ya jera burodinsa bisa tubalin kankare,
yara biyu sun hau ɗaya gefen suna lilo da ƙafafu.
Ya hango ta, bai yi murmushi ba,
ya dai miƙo wa yarinyar guda, bai karɓi kuɗi ba.